Harajin Kan Sarki a Kan Gida na Biyu: Nawa Ne, Wa Ake Biya, Kuma Yaushe?

Jawabin da kwamitin filaye da gidaje na ƙungiya ya gabatar a zauren taro, Tudun Wada, Gombe. An buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

 

 An ba mu minti talatin, to za mu yi ƙoƙari kada mu ci lokacin sallah. Wanda yake da biro da takarda ya fito da su, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne, tun daga ƙarshen shekarar 2025, lokacin da aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin sabuwar dokar haraji, ba mu rabu da masu sallama ba. Wani ya tare mu a bakin masallaci, wani a Tudun Hatsi, wani ma har gida bayan lisha, kuma tambayar ɗaya ce: wai gaskiya ne duk mai gida, in ya ƙara sayen wani, gwamnati za ta ninka masa haraji? Da a ce tambaya kawai ake yi, da da sauƙi. To amma mun sami labarin har wasu sun fara rubuta gidajen da suka saya da guminsu da sunan mata, ko ƙane, ko yaron shago, wai don kada a gane na biyu ne. Wannan shi ne ya tayar mana da hankali, muka roƙi shugabanni su ba mu fili a yau.

Bari mu fara da amsa, kafin wani ya tashi. A Nijeriya babu wani ƙarin harajin kan sarki a kan gida na biyu. Yadda aka lissafa maka a na farko, haka za a lissafa maka a na biyu, haka a na goma in Allah Ya hore maka. Dokar ba ta tambayar gidaje nawa kake da su. Abin da take dubawa shi ne takardar ciniki da kuɗin da ke cikinta.

Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba. A Ingila haka abin yake. Tun daga watan Afirilu na 2016 suka ɗora ƙarin kashi 3 cikin 100 a kan duk wanda ya sayi gida alhali yana da wani, sa'an nan daga 31 ga Oktoba 2024 suka mai da shi kashi 5. Watau gidan fam 300,000 sai an ƙara fam 15,000 a bisa harajin da kowa ke biya. 'Ya'yanmu da ke can suna ba da labari a waya, labarin ya haɗu da na sabuwar dokarmu, shi ke nan aka dama. Af, ga wani abin da ya shafi masu 'ya'ya a can: Turawan ba gidajen Ingila kawai suke ƙirgawa ba, duk inda gidan yake a duniya, muddin darajarsa ta kai fam 40,000, to ya shiga lissafi. Saboda haka uban da ya rubuta babban gida a nan Gombe da sunan ɗansa da ke Landan, yana iya jawo wa yaron wannan ƙari ranar da ya tashi sayen nasa na farko a can. An gudu daga harajin da babu shi, an faɗa wa wanda yake akwai.

To mene ne shi harajin kan sarkin? Dattawa sun san inda sunan ya samo asali, wato 'yar takardar nan ta gidan waya mai ɗauke da kan Sarkin Ingila. Dokar da ta kafa shi a ƙasar nan ta 1939 ce, zamanin Sarki Joji na Shida, kuma ita aka yi ta yi wa kwaskwarima har zuwa 26 ga Yuni 2025, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, tsohuwar dokar kuma aka narkar da ita a cikinsu. Abin lura shi ne, haraji ne a kan takarda. Ba a kan bulo da kwano ake biyansa ba, a kan rubutun da ya ce wane ya sayar wa wane. Idan aka biya, sai a buga wa takardar hatimi, daga nan ta zama abin da hukuma da kotu za su duba.

Nau'insa biyu ne, kuma a nan ne yawancinmu muke ruɗewa. Akwai mai tsayayyen farashi, irin Naira 50 ɗin nan da banki ke cirewa in an tura kuɗin da ya kai Naira 10,000, wanda daga Janairun 2026 mai turawa ne ke biya. Akwai kuma wanda ke tafiya da darajar abin da aka saya, kuɗi na hawa yana hawa. Cinikin gida yana cikin na biyun. Saboda haka abin nan da muka saba yi, a sayo kan sarki na gidan waya a manna a ƙasan yarjejeniya, mai sayarwa ya ja sa hannu a kansa, kowa ya yi Fatiha a watse, bai biya wannan haraji ba. Haka kuma Naira 50 da banki ya cire ranar da ka tura kuɗin gidan, ta turawar ce, ba ta gidan ba.

Yanzu ga lissafi. Abin da jadawalin doka ya sa a kan takardar sayar da gida ko fili shi ne kashi 1.5 cikin 100, kuma mai saye ne ke biya. A hanyar da, sai mu ce Naira 1 da kwabo 50 a kan kowace Naira 100. Hanya mafi sauƙi ga ɗan kasuwa ita ce ya riƙe wannan: kowace miliyan ɗaya, Naira 15,000. Gidan miliyan 18, a ninka 15,000 sau 18, ya ba da Naira 270,000. Gidan miliyan 24, Naira 360,000. Gidan miliyan 40, Naira 600,000. Ba sai da kwamfuta ba, wanda ke auna buhu ɗari a ka wannan ba zai gagare shi ba. Sabuwar dokar ta kuma ɗauke wa wasu ƙananan cinikayya wannan haraji gaba ɗaya, saboda haka mai sayen ɗan ƙaramin fuloti ya fara tambaya ko cinikinsa ya faɗa ciki kafin ya zura hannu a aljihu.

Sai dai akwai wurare biyu da lissafin kan zame wa mutum. Na farko, kuɗin da ake ninkawa ba lalle ne ya tsaya a kan tsabar da ka ƙirga a hannu ba. Mu 'yan kasuwa mun san yadda gida kan shigo a bakin bashi. A ce kana bin abokin ciniki miliyan 9 na hatsi, ya kasa biya, ya ce ka cika masa miliyan 11 ka ɗauki gidansa. Wannan cinikin miliyan 20 ne, ba na 11 ba, harajinsa kuwa Naira 300,000. Na biyu, ofis ba dole ne ya yarda da duk abin da aka rubuta ba. Suna da masu kimanta gidaje, kuma in suka ga an rubuta kuɗin akuya a kan saniya, da nasu ƙiyasin za su yi aiki. Ka rubuta miliyan 24, suka kimanta miliyan 30, to shirya Naira 450,000.

Wa ake biya? Wannan ya danganta da su wane ne a cikin takardar. In tsakanin mutum da mutum ne, ni da kai, to kuɗin na jiha ne, Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Gombe ita ke da shi. In kuwa akwai kamfani a ciki, ko shi ya sayar, kamar kamfanonin nan masu gina rukunin gidaje, ko kuma da sunan kamfaninka ka saya, to na tarayya ne. Hukumar da muka sani da FIRS ita ke karɓa a da, daga Janairun 2026 kuma Hukumar Haraji ta Nijeriya, NRS, ta maye gurbinta. Wanda ya biya inda ba nan ba, sai ya sake biya, sa'an nan ya shiga zaryar neman a mayar masa da na farko. Kuma tunda da yawanmu gida na biyun a garinmu na asali muke sayensa, saboda ranar komawa, to a sani sha'anin ƙasa na jihar da ƙasar take ne. Gidan da ke Kano, takardunsa a Kano za a yi su, a ofishin KANGIS, na Zariya kuma a KADGIS ta Kaduna. Zamanka a Tudun Wada ba ya jawo su nan.

Yaushe? Cikin kwana 30 daga ranar da aka sa hannu. Bayan nan akwai tara, akwai kuma kuɗin ruwa a kan abin da aka jinkirta. Mu da muke gudun ruwa a banki, bai kamata mu je mu biya shi da ƙafarmu a ofishin haraji ba saboda sakaci. Kuma don Allah, ta banki ake biya, cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit mai sunanka. Kada ka damƙa wa kowa kuɗin a hannu don ya ce ya san hanya, ko da kuwa tare kuke sahu ɗaya a masallaci.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce kwamiti ya ce kashi 1.5 ne ke nan an gama. Kan sarki ɗaya ne daga cikin abubuwan da za a biya. Akwai kuɗin binciken fayil, akwai na neman amincewar gwamna, akwai na rajista, akwai na awo in ana bukata, akwai kuma bashin harajin ƙasa na shekara-shekara wanda mai sayarwa ya tara bai biya ba, in ba ka bincika ba kai zai faɗo wa. Ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Waɗancan na ofis, a hukumar GOGIS ake samun farashinsu, wadda gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa don harkar filaye. Shawararmu ita ce, kafin ka sallama ciniki, ka nemi a ba ka lissafin a rubuce, kowane da layinsa, ka haɗa shi da kuɗin gidan, sa'an nan ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau nawa muka ga mutum ya zazzage jarinsa kaf a kan gida, aka zo takardu ya ce sai bayan kaka, kakar nan kuwa har yau ba ta zo ba.

Yanzu mun zo kan abin da muka fi so a saurara da kyau, watau al'adar rage kuɗi a takarda. Kowa a nan ya san ta, kada mu yi wa juna kara. An yi ciniki miliyan 24, sai wani mai wayo ya ce a rubuta 12, kowa ya huta. To bari mu auna hutun. Abin da ka tsira da shi a kan sarki shi ne Naira 15,000 sau 12, watau Naira 180,000. Riƙe wannan a hannun hagu.

Bayan 'yan shekaru ka tashi sayarwa, gida ya kai miliyan 40, mai sayen kuma ya ce shi gaskiya za a rubuta, domin banki ne zai ba shi kuɗi. A nan ne bambancin gida na farko da na biyu yake fitowa, bambancin gaske ba na jita-jita ba. Akwai haraji a kan ribar da aka samu wajen sayar da kadara. Doka ta yi sassauci a kan gidan da mutum yake zaune a ciki da iyalinsa, amma gidan haya, ko wanda aka saya aka ajiye, ba ya cikin wannan sassauci. Ribarka ta gaskiya miliyan 16 ce. A takarda kuwa, tunda ka ce 12 ka saya, ribarka miliyan 28 ce. Ka ƙirƙiro wa kanka ribar miliyan 12 wadda ba ka ci ba, kuma za ka biya haraji a kanta. A tsohuwar doka ta 1967, kashi 10 ne, watau miliyan 1 da dubu 200. A sabuwar doka kuwa, ribar tana bin matakan harajin kuɗin shiga ne: Naira 800,000 ta farko babu komai, daga nan kashi 15, 18, 21, 23, har zuwa 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ko da a ce ba ka sami ko kwabo daga wata hanya ba a shekarar, wannan miliyan 12 ta ƙarya za ta faɗa ne a matakin kashi 21 da na 23: miliyan 9 a kashi 21, miliyan 3 a kashi 23, jimla Naira 2,580,000. To buɗe hannun hagu ka dubi 180,000 ɗinka. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago.

Ba ma sai an je nan ba. A ce bayan wata shida wani ya fito da hujja cewa gidan na gado ne, ba a raba ba, wanda ya sayar maka ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Ciniki ya warware, ka ce a mayar maka da kuɗinka. Nawa za ka nema? Takardar da ka sa wa hannu da kanka ta ce 12. Sauran 12 ɗin sai tsoron Allah na mai sayarwa, in yana raye. Malamanmu suna nan zaune, sun fi mu sanin cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta ma'amala da kafa shaidu ta sauka. Ba mu ga yadda za a tara shaidu Musulmi a sa su sa hannu a kan adadin da kowa a ɗakin ya san ba shi ne ba. Kuma a riƙa adana rasit na kan sarki, da na lauya, da na gyaran da aka yi wa gida, domin ana cire irin waɗannan kafin a lissafa riba.

Wani zai ce, mu iyayenmu da suka zo garin nan wace takarda suka yi? Gaskiya ne. Tun da aka dawo da hedkwatar masarauta nan Gombe Doma a 1919, mutanenmu suke ta gangarowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Haɗeja, wasu fatauci, wasu almajiranci, wasu cinikin auduga da gyaɗa, balle da jirgin ƙasa ya iso a 1963. A wancan zamani mai unguwa ya nuna maka fili da sandarsa, ka kai goro, magana ta ƙare, kuma Allah Ya saka wa masu garin da alheri, sun karɓe mu hannu biyu. Amma fili a lokacin ba kuɗi ba ne. Tun da aka ba da jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, aka kafa jami'ar jiha a nan cikin unguwarmu a 2004, sa'an nan rikicin Borno da Yobe ya koro dubban mutane suka zo neman wurin zama, gari ya cika ya tumbatsa har ya shiga ƙasar Akko ta wajen Tumfure. Kangon da ake zubar da shara jiya, yau miliyoyi ne. Inda kuɗi ya shiga kuwa, mantuwa takan kama shaidu.

Dokar ma ta canja tun tuni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, amana saboda dukkan 'yan Nijeriya. Mu da ake yi wa kallon baƙi wani lokaci, wannan kalma ta "dukkan" tamu ce, domin takardar mallaka ba ta tambayar garin kakanka. Amma dokar ta zo da sharaɗi. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi, ko a jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba a bisa wannan ba, ɓatacce ne. Kada a ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar bankin Savannah da wani mutum mai suna Ajilo, wanda ya jinginar wa bankin kadararsa a Legas ba tare da amincewar gwamna ba. Da bankin ya tashi sayarwa, shi da kansa ya je kotu ya ce jinginar ba ta inganta ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya. In banki da lauyoyinsa ya sha ƙasa a kan wannan, ina ga ni da kai da takardar da aka yago daga littafin makaranta?

Sa hannun mai unguwa yana da amfani, ba mu raina shi ba, ga su nan zaune, su ne suka san iyaka da tarihin kowane gida, kuma duk wanda ya sayi gida bai bi ta wajensu ba ya yi ganganci. Amma su da kansu za su gaya muku hatiminsu ba ya zama a madadin na gwamnati. Rikicin fili na cikin birni, wanda haƙƙinsa ke ƙarƙashin gwamna, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin sauraronsa, haka sashe na 39 ya ce. A can kuwa, abin da lauyan abokin shari'arka zai fara dubawa shi ne ko takardarka tana da hatimin kan sarki, domin doka ta hana a karɓi wadda ba ta da shi a matsayin shaida. A da akan bari mutum ya biya da tara sa'an nan a karɓa. Kada kowa ya jingina gidansa a kan wannan rangwame.

Me ya sa muke ta nanata gida na biyu, alhali dokar ɗaya ce? Saboda gidan da kake ciki, zamanka ma shaida ne. Maƙwabta sun san ka, an yi suna an yi biki a ƙofar, ba mai zuwa ya sayar da shi kana kwance a ɗaki. Na biyun kuwa ba ka ciki. Ko 'yan haya ne, ko ɗalibai masu shekara ɗaya su tafi, ko kango ne da ka kewaye a bayan gari kana leƙawa sau biyu a shekara. Shi ne ake sayar wa mutum biyu, shi ne kuma magada ba su san zancensa sosai ba. Muna da misali a hannunmu yanzu haka, ba za mu kama suna ba. Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwar hatsi, Allah Ya jiƙansa, ya sayi gida kusa da jami'a ya zuba 'yan haya. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka zo daga gida rabon gado, aka buɗe akwati aka sami takarda guda, rubutun hannu, da kan sarkin gidan waya a manne. Shaidu uku, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Sai ɗan wanda ya sayar ya fito ya ce ai mahaifinsa jingina ya bayar ba sayarwa ba, ga kuɗinku ku ba mu gidanmu, kuɗin wancan lokaci kuwa yau ko ɗaki ɗaya ba zai gina ba. A fayil ɗin gwamnati har yau sunan mahaifinsa ne. Marayu shida da mata biyu suna nan suna jira, kuɗin hayar ma an tsayar. Abin da marigayin zai biya a lokacin ya sa a juya sunan bai kai kuɗin hayar shekara guda ba.

Ga masu rubuta gida da sunan wani kuma, mun riga mun ce dalilin da ya sa kuke yi babu shi. In kyauta kake nufi ka ba matarka ko ɗanka, to ka yi ta a fili, ka tambayi malamai sharuɗɗanta, domin a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa. In kuwa ɓoyo kake nufi, to ka sani ranar da ba ka, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai gida a idon hukuma, sauran magada sai kallo. Kuma in daga baya ka ce a dawo maka da sunanka, wata sabuwar takarda ce, da nata amincewar gwamna, da nata kuɗin.

Maganar haya a taƙaice, tunda mafi yawan gidajen nan na haya ne. Wasu za su tuna hayaniyar da aka yi a 2020, lokacin da aka ji wai kashi 6 za a riƙa biya a kan yarjejeniyar haya, har hukumar ta fito ta yi bayani cewa hayar da ba ta wuce shekara 7 ba kashi 0.78 ne kawai, watau Naira 3,900 a kan hayar Naira 500,000. Sabuwar doka ta ɗauke shi ma daga kan ƙananan haya irin namu. Sai dai kuɗin hayar da kake karɓa kuɗin shiga ne, yana cikin abin da ake lissafa maka harajin shekara a kansa. Wannan kuma karatun wata rana ne.

Wanda ya riga ya saya shekaru da suka wuce bai yi komai ba, ƙofa ba ta rufe ba, kuma ya fi sauƙi tun mai sayarwa yana raye yana iya sa hannu. Kwamiti zai zauna ranar Asabar mai zuwa da ta bayanta, daga bayan la'asar, a nan zauren. A zo da yarjejeniyar ciniki ko da ta rubutun hannu ce, da takardar mallaka ta mai sayarwa in akwai, wadda aka fi sani da C of O, da rasit na harajin ƙasa, da shaidar biyan kuɗi ta banki. Za mu duba tare, mu yi lissafin kan sarkin a gabanka, wanda nasa ke bukatar lauya mu gaya masa. Ba ma karɓar kuɗin kowa, kuma ba mu ne za mu je ofis a madadinka ba. Iyaye mata da ke riƙe da takardun marayu, an ware muku Asabar ta biyu, kuna iya zuwa da muharrami ko ku aiko da wakili.

Shugaba, mun ga ladan ya miƙe. Masu tambaya sai bayan sallah.